Sun Biyo ta Ƙasar Malayu Kafin Su Iso Mana

Daren wata Laraba ne bayan isha'i, an ɗauke wuta a Gyaɗi-Gyaɗi, muna tsakar gida muna shan iska. 'Yar ƙanena tana bakin tabarma, ta haska littafinta da fitilar waya, tana haddar darasin gwamnati saboda jarrabawar fita sakandare ta matso. Tana ta bita kamar mai tilawa: tsarin mulkin Clifford, 1922, na Richards, 1946, na Macpherson, 1951. In ta kai ƙarshe ta dawo farko. Can na ce mata, "Uwata, su waɗannan mutum ukun daga ina suka zo mana?" Ta ɗago ta ce, "Daga Ingila mana, Baffa." Na ce lalle Turawan Birtaniya ne, amma ba a gida suka koyi juya sarakuna da talakawan wata ƙasa ba. Su ukun duka a ƙasar Malayu suka yi ƙuruciyar aikinsu, can gabas da Indiya, inda ake kira Maleshiya a yau. Ta yi jim, sannan ta ce ba a taɓa faɗa musu haka a aji ba. Ni ma ba a faɗa mini ba. Na daɗe ina koyar da tarihi kafin in sani.

Wani tsohon ɗalibina ne sila. Ya je Kuala Lumpur ƙarin karatu, kamar yadda 'ya'yan Kano da yawa ke zuwa yanzu, da ya dawo ya kawo mini tsarabar littafin tarihin ƙasar. Ban kai rabinsa ba na fara cin karo da sunayen da na sani a tarihin Nijeriya, wannan yana Razdan a can, wancan yana sakatare. Daga nan na shiga bin sawu. Malayu ta kai ni Siyam, wato Tailan ta yau, Siyam ta kai ni Biyetnam, ita kuma Biyetnam ta juyo da ni Damagaram. Na shiga da niyyar karanta labarin wasu mutane na nesa, sai ga shi rabinsa labarin gidanmu ne.

Hugh Clifford yana ɗan shekara 17 ya sauka ƙasar Malayu a 1883. Ya iya harshensu ƙwarai, har shi da Frank Swettenham suka fara haɗa ƙamus. Shi aka tura fadar Sarkin Pahang a 1887 ya lallashe shi ya karɓi wakilin Ingila, da shi aka yi yaƙin murƙushe tawayen Pahang tsakanin 1891 da 1895, daga baya ya zama Razdan na ƙasar. A 1919 ya gaji Gwamna Lugga a Legas, ya yi shekara shida, a 1927 kuma ya koma Singafo yana gwamna, can ya ƙarasa aikinsa. Arthur Richards ya shiga aikin mulkin Malaya a 1908, ya haura shekara ashirin a wannan yanki. John Macpherson ya yi daga 1921 zuwa 1937. Akwai na huɗu da ba ya cikin littafin 'yata, alhali ya fi su kusa da mu: Theodore Adams, Razdan na Selangor, wanda aka ɗauko a 1937 aka ɗora kan lardunan Arewa baki ɗaya, yana zaune a Kaduna har 1943, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero.

To me suka koyo a can? Amsar tana cikin wata takarda da aka sa wa hannu ranar 20 ga Janairu 1874 a cikin jirgin ruwa, kusa da tsibirin Pangkor. Ƙasar Perak tana da kuza mai yawa, ƙungiyoyin 'yan Sin masu haƙar ta suna ta kashe juna a kan ramuka, 'ya'yan sarauta kuma suna rigimar gadon mulki. Ɗaya daga cikinsu, Raja Abdullah, ya nemi Gwamnan Singafo, Andrew Clarke, ya mara masa baya. Aka ba shi sarauta bisa sharaɗin zai karɓi Bature mai muƙamin Razdan, wanda dole a nemi shawararsa, dole kuma a yi aiki da ita, a kan kowane al'amari in ban da addini da al'adar Malayu. Tara haraji ma ya koma ƙarƙashin wannan shawara. Duk Bahaushen da ya karanta jawabin Lugga a Sakkwato cikin Maris 1903 zai ji muryar ba baƙuwa ba ce: addininku yana hannunku, sauran kuwa sai abin da Razdan ya ce. Shi kansa muƙamin Razdan ya girmi Pangkor, daga Indiya aka aro shi, kuma Lugga a Indiya da Yuganda ya yi tasa makarantar. Sai dai an riga an gwada wa Musulmin Malayu wannan tsari a ƙananan masarautu jere da juna, kusan shekara talatin kafin ya iso ƙofar Kabuga.

Razdan na farko a Perak, James Birch, kamar shekara guda kawai ya yi. Ba ya jin harshen mutanen sosai, ya ƙwace wa manyan gari kuɗin shigar da suke karɓa a bakin koguna, yana ba bayin da suka gudo mafaka ba tare da ya zauna da iyayen gijinsu ba. Ranar 2 ga Nuwamba 1875 aka soke shi da mashi yana wanka a kogi a Pasir Salak. Ingila ta kwaso sojoji daga Indiya da Hon Kon, aka rataye Maharaja Lela, basaraken da aka kama da laifin kisan, aka kai Sarki Abdullah tsibiran Seshel, inda daga baya aka kai Sarkin Asante Prempeh. Da na karanta wannan sai na ajiye littafin, domin Keffi ce ta faɗo mini. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Moloney, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan karɓa tana cikin hujjojin da Lugga ya kafa ya turo Kanar Morland, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Alu ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Shi kuwa neman taimakon da ya jawo wa Raja Abdullah abin da ya fi ƙarfinsa, Sarkin Zazzau Kwasau ya ɗanɗana irinsa: ya kira Turawa su kare shi daga Nagwamatse na Kwantagora a 1902, suka zo suka kafa bariki, ba a jima ba suka tuɓe shi.

Amma akwai inda hanyarmu ta rabu da tasu, kuma rabuwar tana bin mu har yau. Sarakunan Malayu da yarjejeniya aka shiga ƙasarsu, saboda haka a takarda ƙasar tasu ce, Ingila mai ba da kariya ce kawai. Mu kuwa Lugga ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa da yaƙi ya ci ƙasar, abin da Fulani suka samu da takobi ya koma hannun Sarkin Ingila, sarki kuma da takardar naɗi da sanda daga hannun gwamna zai hau. Wannan 'yar takarda ta yarjejeniya ta yi wa Malayu rana. A 1946 Ingila ta so ta narkar da masarautun ta mai da su ƙasa guda a ƙarƙashin gwamna, jama'a suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, aka kafa jam'iyyar UMNO ƙarƙashin Onn Jaafar, cikin shekara biyu aka janye tsarin. Suka karɓi 'yanci ranar 31 ga Agusta 1957, kuma har gobe sarakunansu tara ne ke zaɓen ɗaya daga cikinsu ya zama sarkin ƙasa na shekara biyar. Mu a nan sandar tana nan a hannun gwamna inda Lugga ya bar ta, kuma Bakano ba ya bukatar a tuna masa abin da hakan ke haifarwa.

Hatta makarantar da ta haifi shugabanninmu na farko tana da yaya a can. A Janairun 1905 aka buɗe kwaleji a Kuala Kangsar, garin sarautar Perak, don a koyar da 'ya'yan sarakuna da na manyan fada Turanci da ɗabi'un aikin ofis, su zama mataimakan Razdan. Ranar 5 ga Maris 1922 Clifford da kansa ya je Katsina ya buɗe kwalejin horar da malamai, wadda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi. Kuala Kangsar ta fitar da Abdul Razak, firayim ministan Maleshiya na biyu. Makarantun biyu sun fitar da mutanen kirki da suka yi wa ƙasashensu aiki, ba mai musun wannan. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙanƙantar ƙofar. An tsara a ilimantar da 'yan kaɗan, a bar ɗan manomi ya gaji fartanya, ɗan masunci ya gaji koma, wai kada boko ya ɓata musu zaman lafiya. Mu da su duka mun biya kuɗin wannan tunani bayan 'yanci, da muka waiwaya muka ga wasu al'ummomi na cikin ƙasa sun yi mana nisa a aikin gwamnati da kasuwanci.

Wanda ya fi ba ni mamaki a duk binciken shi ne abin da ya faru a Landan ranar 8 ga Afrilu 1904. Ingila da Faransa suka zauna su kashe duk rigingimun da ke tsakaninsu a faɗin duniya a zama ɗaya. A lokacin iyakar da suka shata a 1898 ta zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100 daga birnin, abin da ya tilasta wa ayarin Faransa da ke tashi daga kogin Kwara zuwa Damagaram ya bi ta cikin hamada inda babu rijiyoyi. Faransa tana son hanya mai ruwa. Ita kuma Ingila tana son Faransa ta saki tsohon haƙƙin da take da shi na kamun kifi da shanya shi a gaɓar Newfoundland, can kusa da Kanada. Aka yi musaya. Aka turo iyaka kudu, Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi suka tabbata a hannun Faransa, daga 1906 zuwa 1908 jami'ai biyu, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, suka bi daji suna kafa turaku. Gaskiya ne gabar Katsina da Maraɗi ta girmi Turawa, tun jihadi take. Amma gaba ce ta 'yan gida ɗaya, ana yaƙi ana auratayya ana cin kasuwa. Turakun nan ne suka sa ɗan wa ya tashi da Turancin Ingila, ɗan ƙane da Faransanci, kuɗinsu ma ya bambanta.

A cikin takardun da aka sa wa hannu a wannan rana akwai wata a kan Siyam: abin da ke yamma da kwarin kogin Bankok rabon tasirin Ingila ne, abin da ke gabas na Faransa, tsakiyar kuma a bar wa sarkin ƙasar. Ba ma shi ne karon farko ba, domin sanarwar da suka yi kan Siyam a Janairun 1896 ita ma tana ɗauke da sakin layi kan shata iyaka a yankin Kwara. Jakadu ɗaya, tebur ɗaya, alƙalami ɗaya.

'Yan Tailan suna alfahari cewa ba a taɓa yi musu mulkin mallaka ba, kuma suna da gaskiya. Sai dai tsirar ta ci kuɗi. A 1855 Sarki Mongkut ya sa hannu a yarjejeniya da wakilin Ingila John Bowring wadda ta ƙayyade kuɗin fiton kayan Ingila a kashi 3 cikin 100, ta kuma hana alƙalan Siyam hukunta talakawan Ingila. Daga nan ne aka buɗe ƙofar fitar da shinkafa, fadamun kogin suka koma gonakin ciyar da kasuwar duniya. Buhunan 'yar Tailan da muka saba gani jibge a kasuwar Tarauni kafin a rufe iyakoki a 2019, jikokin wannan yarjejeniya ne, kuma da yawansu ta Kwatano suka sauka, suka hauro Maraɗi, suka tsallako ta tsakanin turakun Tilho. Ɗan Mongkut, Chulalongkorn, wanda ya yi mulki daga 1868 zuwa 1910, ya sha ganin wuya. A 1893 jiragen yaƙin Faransa suka kutsa kogi har Bankok, ya saki ƙasar Lawos. A 1907 ya saki lardunan yammacin Kambodiya. A 1909 ya miƙa wa Ingila masarautun Malayu huɗu: Kedah, Kelantan, Terengganu da Perlis, aka ba shi bashin fam miliyan huɗu na shimfiɗa layin dogo.

Ta biyar ɗin, Patani, ita aka bari a hannunsa, kuma ita ce ta fi taɓa mini zuciya. Tsohuwar daular Musulunci ce, garin malamai da makarantun da suke kira pondok, inda almajirai ke kafa bukkoki kewaye da gidan malami kamar tsangayunmu. Shehu Dawud al-Fatani, wanda ya zauna a Makka ya rasu a 1847, ya yi zamani da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bar littattafan fiƙihu da tauhidi da ake karantawa har yau. A 1902 Bankok ta tuɓe sarkin Patani na ƙarshe, Abdul Kadir, ta kai shi arewacin ƙasar, shekara guda kafin a kama Alu. Iyakar 1909 ta bar mutanen Patani a Siyam, 'yan uwansu na Kelantan a hannun Ingila, harshe ɗaya, dangi ɗaya, kamar Daura da Magarya. Malamin Patani Haji Sulong ya kai wa gwamnati buƙatu bakwai a 1947, ciki har da a koyar da yara da harshensu, a bar musu kotunan shari'a. A 1954 'yan sanda suka kira shi, ba a sake ganinsa ba. Rikicin ya sake tashi a 2004. Wanda ya tsaya a littafin makarantar Bankok zai ga sarki mai hikima da ya ceci ƙasarsa. Wanda ya saurari Patani zai ga sarkin da ya koyi dabarun Turawa ya juya su kan na ƙasa da shi. Duka biyun sun faru.

Ina yaro akwai wani tsoho mai sayar da itace a Tarauni, mutumin ƙasar Zazzau, wanda ko da bazara ba ya rabuwa da tsohuwar kwat. In sanyi ya shigo muka taru jin ɗumi a wurinsa yakan ce mu ba mu san sanyi ba, sai wanda ya kwana a ramukan kuza na Bukur zamanin ɗiban gwamna. Ya ce dagaci ne ya zo da dogari aka ƙirga gidaje, aka ce gidansu mutum ɗaya, da yake shi ne saurayi shi aka miƙa. Yakan kwatanta mana kwanon ƙasa a ka tun asuba, ƙafa cikin ruwan rami mai kamar ƙanƙara, bargo guda, abinci ba ya isa, tari ya kama mutum yau jibi a binne shi. Yakan lissafa sunayen 'yan garinsu da ba su dawo ba, yana naɗe yatsu. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ambaci Singafo ba, kuma ban ga alamar ya san da ita ba.

Alhali daga can abin ya taso. Ranar 8 ga Disamba 1941 sojojin Japan suka sauka a Kota Bharu ta ƙasar Kelantan, cikin mako goma suka share Malaya, ranar 15 ga Fabrairu 1942 Singafo ta miƙa wuya. Janar ɗin da ya miƙa ta, Arthur Percival, ya yi shekara huɗu a rundunar sojan Nijeriya a shekarun 1920, gwamnan garin kuma, Shenton Thomas, tsohon ma'aikacin sakatariyar Legas ne. Malaya ce kan gaba a duniya wajen kuza, da ta suɓuce sai idon Landan ya dawo kan tudun Jos. Aka yi dokar aikin tilas, aka raba wa larduna adadin da za su kawo, En'e ta bi hakimai, hakimai suka bi dagatai. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000 zuwa ramukan kuza, mutane da yawa suka mutu, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti. An fara wannan ne a zamanin da Adams, tsohon Razdan na ƙasar kuza, yake riƙe da Arewa. A nan ƙasar Kano matsin ta wajen gyaɗa ya fi zuwa, domin man kwakwa da sauran mayukan gabas sun yanke, aka sa hakimai su tsaya kan manoma a ƙara noma. Samarin da aka ɗauka soja kuma aka kai su dajin Bama su yaƙi Japan ɗin. Labarin Bama an ba da shi, an yi masa waƙoƙi. Na ramin kuza kuwa ya tafi da masu shi, in ban da ɗan abin da masana irin su Bill Freund suka tono.

Biyetnam rabon Faransa ce, don haka zarenta ta Nijar ya biyo. Faransa ta fara kai hari a 1858, ta ci Saigon a 1859, zuwa 1884 ta ɗora kariyarta kan sauran ƙasar, ta bar sarki a birnin Hue da Razdan a gefensa. A 1885 Sarki Ham Nghi, yaro ɗan shekara 13, ya fice daga fada ya shiga duwatsu, aka yi shela da sunansa cewa kowa ya tashi ya taimaki sarki. Malamai da manoma suka amsa, kamar yadda jama'a suka bar gonakinsu suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. A 1888 aka kama shi aka kai shi Aljeriya, ya rayu a ƙasar Afirka har ya mutu a 1944. Gwamna Paul Doumer ya ɗora kuɗin mulkin kan abu uku da gwamnati kaɗai ke sayarwa: gishiri, giya da ofiyom. Talaka ya sayi gishirin da aka ɗebo a gaɓar garinsu da tsadar da Bature ya yanka.

Jules Brévié shi ne gwamnan farko da aka naɗa wa Nijar a 1922, kuma a zamaninsa, a 1926, aka ɗauke hedikwata daga Zinder aka kai Yamai, abin da Damagarawa ba su manta ba. Daga nan ya zama babban gwamnan Afirka ta Yamma a Dakar, sannan aka tura shi Hanoi ya mulki Biyetnam da Lawos da Kambodiya har 1939. Da Ho Chi Minh ya ayyana 'yanci ranar 2 ga Satumba 1945, yaƙi ya ɓarke a ƙarshen 1946, Faransa ta kwashi dubun-dubatar sojojin Afirka ta kai. Cikinsu akwai wani saurayi daga Fandu mai suna Seyni Kountché, wanda ya karɓe mulkin Nijar a 1974, akwai Lamizana da Eyadéma da Bokassa, kowannensu ya zo ya mulki ƙasarsa da kaki. Sun ga abin da iyayensu ba su taɓa zaton gani ba. A Dien Bien Phu mutanen Janar Giap, kwamandan sojojin Ho Chi Minh, suka ja manyan bindigogi da igiya suka hau da su duwatsu, suka yi jigilar shinkafa a kan kekuna, ranar 7 ga Mayu 1954 sansanin Faransa ya faɗi. Ba a yi wata shida ba Aljeriya ta ɗauki makami, bayan shekara shida kuma Nijar da maƙwabtanta suka sami tutarsu.

Mai son bin wannan tarihi daga Kano zai fara cin karo da matsalar da muka sani a gida, wato rubutu. Malayu suna da nasu ajamin, sunansa Jawi, da shi sarakunansu suka yi wasiƙu, malamansu suka yi littattafai, sannan boko ya zo ya ture shi gefe. Mutanen Biyetnam a da da haruffan Sin suke rubutu, an yi jarrabawar ƙarshe ta tsohon tsari a 1919, yanzu jikan malami ba ya iya karanta abin da ke rubuce a kan kabarin kakansa. Mu ma daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909, tafiyar 'yan mintoci a adaidaita sahu daga Gyaɗi-Gyaɗi, aka fara wannan juyi. Tailan kuwa ta riƙe haruffanta. Sakamakon shi ne takardun Bature sun fi na kakanninmu sauƙin karantawa, har mutum ya wayi gari yana kallon kakansa da idon Di'o. Masanin Malayu Syed Hussein Alatas ya rubuta littafi a 1977 yana warware zancen da su Clifford da Swettenham suka yaɗa cewa Bamalaye rago ne. Ya nuna mutumin da ke noman shinkafarsa yana kamun kifinsa, don ya ƙi zama lebura a gonar roba ta wani aka sa masa wannan suna. Marigayi Yusufu Bala Usman irin wannan faɗan ya yi ta yi a Zariya: kafin ka yarda da rahoto, tambayi wanda ya rubuta, da wanda ya rubuta wa, da abin da yake nema.

Su kansu takardun a warwatse suke. Na Arewa suna gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna da Gidan Arewa, wasu a nan Gidan Ɗan Hausa. Wasiƙun da gwamnonin Legas da na Singafo suka aika gida suna Kew a Landan, ƙarƙashin rufi ɗaya. Na Faransa kan Biyetnam an kwashe da yawa zuwa Aix-en-Provence, na Afirka ta Yamma aka bar su a Dakar. Wasu an ƙone su da gangan gab da 'yanci, wasu aka ɓoye, sai a 2011 da tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya suka kai ƙara kotu gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayiloli na ƙasashe da dama, har da Malaya da Nijeriya.

A daren nan na karɓi wayar 'yata na nemo mata hoton shafi ɗaya daga littattafan Shehu Dawud. Ta yi Islamiyya, tana karanta ajami. Ta ƙura ido, ta ce akwai haruffa masu ɗigo uku da ba ta sani ba, amma sauran duk nata ne. Ta bi layi da yatsa tana haɗa baƙi, ba ta jin harshen, can sai ta tsaya ta ce, "Baffa, ga wajibi. Ga niyya. Wannan kuma makaruhi ne." Ta koma kan littafin gwamnati ta rubuta Pahang a gefen sunan Clifford da fensir, ta tambaye ni sunan garin tsohon nan mai itace. Na faɗa mata. Mun yi da ita in ta gama jarrabawa za ta raka ni Kaduna, mu nemi fayilolin lardin Zazzau na 1942 zuwa 1944, mu duba adadin mutanen da aka yanka wa gundumarsu da adadin da suka dawo.